Sawun da aka Kife da Ƙwarya

Duk ƙasar Gwarzo da Kabo, daga Kutama har Masanawa, babu telan da ya taɓa shiga littafin masana sai ni. Ba littafin 'yan firamare nake nufi ba, mai hoton akuya da kaza. Littafi nake faɗa maka mai bango kamar ƙyauren shago, wanda in ya faɗo wa mutum a ƙafa sai an nemo mai ɗori. Farfesoshi ma sai sun ɗora tabarau kan tabarau suke karanta shi. Kuma ina ciki. Ba sau ɗaya ba ma, sau biyu.

Bari ka ji yadda aka yi.

Shagona na ɗinki a Gwarzo bango ɗaya ya raba shi da shagon wani mutumin Filato mai sayar da kayan babur. Oga muke ce masa. Kirista ne, ya zo garin tun yana saurayi, Hausa a bakinsa har ta fi tawa karin magana. Shi ne abokin tsokanata. Yana da wata mummunar ɗabi'a: in na ba da labari, sai ya yi cinikinsa kamar akuya a kasuwa. In na ce na taɓa ɗinka wa gari guda kayan Sallah kafin azahar, sai ya leƙo ta taga ya ce, "Tela, ya yi tsada. Rage mana mu saya." In na ce to, unguwa guda, ya ce, "Ƙara ragewa." Haka za mu yi ta yi har labarin ya dawo wando ɗaya da 'yar shara.

Matarsa malama ce a makarantar 'yan mata. Ni nake ɗinka wa 'ya'yansu kayan Kirsimeti, su kuma in Sallah ta zo, kwanon naman gidana ba ya tsallake ƙofarsu. Wata rana Malama ta shigo shagon da atamfa a hannu, ta ce ta koma karatu jami'a, kuma bincikenta a kan waƙoƙin da mata ke yi in suna aiki ne: waƙar niƙa, waƙar daka, waƙar daɓe. Ta ce injin niƙa ya shigo, siminti ya shigo, in ba a yi sauri ba waƙoƙin za su bi tsofaffi kabari. Tana neman tsohuwar da bakinta bai manta ba.

Na ajiye almakashi na ce, "Malama, kin zo gidan sauƙi. Akwai Yayata a Garo. In ta durƙusa gaban dutsen niƙa, kurciya kan sauko daga bishiya ta saurara."

Oga ya ce ta taga, "Rage mana."

A wannan karon ban rage ba, don gaskiya na faɗa.

Sai dai wadda na kira Yayata, ita ta haife ni. Ni ne ɗanta na fari. Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu a wancan zamanin ya san abin da wannan ke nufi. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta san da zamansa. Kunya ce, kuma matan da can suna riƙe ta da daraja. Ranar da aka yaye ni, kakata ta wajen uwa ta goye ni ta tafi da ni Kutama, can na girma cikin ƙannen mahaifiyata. Su suna ce mata Yaya, ni ma bakina ya kama Yaya, har na yi gemu ban sauya ba.

Ita kuwa sunana a wajenta "wancan". In ta so karrama ni, "mutumin Kutama". In na durƙusa na gaishe ta, sai ta amsa tana kallon kaza. In an sauke tuwo, sai ta ce wa ƙanwata, "Kai wa baƙon nan." Tuwon dai malmala uku ne, kuma duk naman miyar a kwanona yake taruwa, amma baki bai taɓa faɗa ba. Na mai da abin barkwanci, nakan ce ni kaɗai ne mutumin da ya sauko daga sama a bayan kaka. Mutane su yi dariya, ni ma in yi. Amma mai barkwanci ma yana da ciki. Tun ina yaro akwai abin da nake jira: ranar da za ta buɗe baki, ko sau ɗaya, ta ce nata ne ni.

To, haka muka fara zirga-zirga Garo, ni da Malama, ran Asabar in babu makaranta. Babur ɗina a lokacin tsoho ne, in ya hau tudu sai ya yi tari kamar mai shan taba. Malama a baya, rikoda a cinyarta, jaka cike da kaset da batir. Ni kuwa tun daga fitarmu Gwarzo nake buɗe mata makaranta. Na ba ta tarihin kowace tsamiya da muka wuce. Na gaya mata yadda kakan kakana ya haƙa rijiya da ludayi, da yadda kurar da ta addabi Masanawa ta ji tarinsa ta yi hijira. Wani lokacin takan ce, "Tsaya, Tela, maimaita," ta danna rikodar. Da na ga jan fitilar nan ta kama, sai in gyara murya in ƙara wa kurar ƙafa ɗaya. A raina na gama lissafi: rabin littafin nawa ne, sauran rabin mata su raba.

Ranar farko sai da aka janyo dutsen niƙa daga bayan rumbu, inda ya koma wajen shan ruwan kaji. Yaya ta wanke shi da kanta, ta shafa shi kamar mai gaisawa da tsohuwar ƙawa. Matan maƙwabta suka cika gidan, kowa na son ganin malamar da ta bar injin gari ta zo neman dutse. Malama ta tuɓe takalmi, ta ɗaura zani kan siket, ta durƙusa ta ce a koya mata. Ta tura ɗan dutsen, dawa ta watse har cikin randa. Yaya ta yi dariyar da ban taɓa jin ta yi ba, ta ce, "'Yar nan, ba faɗa ake yi da shi ba. Lallashi ne."

Daga ranar suka ƙulle. Malama na ce mata Inna, ita tana ce mata "'yata ta Gwarzo". Ka ji fa. Baƙuwa daga Filato ta samu a mako biyu abin da ban samu ba a shekara talatin da 'yan kai.

Har daɓe aka shirya saboda ita. Akwai ɗakin da za a sa wa siminti, Yaya ta ce a dakata. Aka zubo tsakuwa da jar ƙasa, aka jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake yayyafa ruwansa don ƙasa ta yi tauri. Mata suka jeru a durƙushe, kowace da madaɓinta na itace, suna duka tare kamar hannu ɗaya. Ɗaya ta ba da waƙa, saura su amsa. Su zagi rowar mazajensu, su yabi wadda ta iya miya, su tsokani wadda ta makara. Ƙamshin makuba da jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika unguwa. Yau in na shiga gidan na taka simintin da ya maye wajen, sanyinsa kawai nake ji. Ba ya ƙamshin komai.

Abu ɗaya ne ya riƙa ƙona min rai. Duk lokacin da Yaya za ta yi waƙa ita kaɗai a bakin dutse, sai ta dubi ƙanwata ta ce, "Ce wa wancan ana nemansa a zaure." Babu mai nemana a zaure. Wani lokacin ta ce a ce wa wancan rana na dukan babur ɗinsa. In tashi in fita, ni da na kawo baƙuwar, ni masanin tafiyar. In zauna da masu rake a ƙofar gida ina ba su labari da ƙarfi, don a san ban damu ba.

Da binciken ya ƙare, Malama ta samu aikin koyarwa a jami'a, can nesa. Oga ya kwashe kayan shagonsa suka tafi. Ranar da motar ta tashi na ce masa ya bar min tagar, ya ce in riƙa rage wa kaina da kaina. Shagon ya koma na mai cajin waya, yaron kirki, amma duk abin da na faɗa sai ya ce "haka ne, Baba." Labari ba ya daɗi in babu mai musu.

Shekaru suka yi ta wucewa, ni kuwa ban bar garin ya manta ba. Duk wanda ya kawo ɗinki sai ya ji cewa ana buga littafina. Na ce Turawa sun nemi a fassara shi. Na ce an rasa takardar da za ta ɗauke shi, an aika ƙasar waje a sawo. Har aka fara ce min Farfesan Zare, ni kuwa ina amsawa.

Cikin wannan jiran Yaya ta kwanta ciwo, wata damina. Na je Garo na zauna a bakin ƙofar ɗakinta, inda na saba zama. Ta rame, muryarta ta koma kamar zare. Na ce a raina, yau kam za ta faɗa, ai ciwo yana cire kunya. Ta daɗe tana kallon rufin ɗaki, sannan ta juya wajen ƙanwata ta ce, "A dama wa wancan fura. Hanya da nisa." Na sha furar. Kwana kaɗan bayan haka ta rasu. Na yi wata guda ban ba kowa labarin kura ba.

Bayan shekara biyu ko uku, wata ranar kasuwa da hantsi, mota ta tsaya a ƙofar shagona. Wani mai furfura ya fito, ya leƙo ta tagar nan, ya ce, "Tela, nawa ka bar labarin yau?" Oga ne! Na watsar da rigar mutane na rungume shi. Malama na bayansa, ta zama Dakta, amma ta ce in na kira ta da haka za ta koma mota. Sai a hanya suka ji rasuwar Yaya. Ta zauna a benci ta yi kuka sosai, ta yi min ta'aziyya, na yi mata, don ban san wanda ya fi cancanta a cikinmu ba.

Sannan ta buɗe jaka ta fito da shi.

Jama'a, littafi ne. Na ɗauka da hannu biyu, na ji nauyinsa har a ƙugu. A bangon ga hoton hannuwan Yaya kan ɗan dutse, na gane su da zoben azurfar nan. Kafin ka ce kwabo shagon ya cika: mai cajin waya, mai shayi, masu jiran ɗinki, har wanda ya zo wucewa. Shekaru ina yi musu alkawari, yau ga ranar. Da Turanci aka rubuta shi, waƙoƙin ne kawai da Hausa, ni kuwa Turancina tun a aji uku na sakandare ya sauka daga mota. Na miƙa wa Malama na ce, "Karanta musu wajen da nake. In da yawa, ki zaɓi babi ɗaya."

Ta buɗe shafin godiya, ta bi da yatsa har ƙasa, ta fassara: tana godiya ga ƙanin babbar mai waƙar, tela a Gwarzo, wanda ya yi ta jigilarta a babur ba gajiya.

Na jira. Ta rufe shafin.

Na ce, "Kurar fa? Rijiyar fa?"

Ta ce, "Tela, na nemi wanda zai tabbatar min da kurar, ban samu ba."

Shagon ya fashe da dariya. Ni ma na buɗe baki zan taya su, sai wata kalma ta dawo min. Na ce, "Malama, me kika ce? Ƙanin wa?"

"Ƙanin Inna mana. Ba Yaya kake ce mata ba?"

"Ita ta haife ni. Ni ne na fari."

Malama ta ɗora hannu biyu a ka. Ta ce, "Wayyo Allah. Tela! Shekara nawa muna tare ba ka faɗa ba?" Na ce ai ban san ana faɗa ba, wa yake yawo yana sanar da uwarsa? Oga ya ce shi ma ƙani ya ɗauka. Abin da ya fi ba ta haushi, akwai babi guda a littafin kan kunyar ɗan fari. Ta yi bayaninsa tiryan-tiryan, ta kawo misalai daga garuruwa, ga ɗan farin kuwa yana tuƙa ta kowace Asabar.

Ta ce, "Na tambaye ta 'ya'yanta, ta lissafa min su ɗaya bayan ɗaya. Da ƙanwarka ta fara."

Wannan ta shige ni. Na san al'ada ce, na san ba ƙi ba ne, amma ga shi an buga a takarda, za a karanta a ƙasashen da ban taɓa zuwa ba, cewa matar nan ba ta haife ni ba. Wanda zai gyara kuma yana ƙarƙashin ƙasa. Na jawo keken ɗinki na fara neman zaren da bai ɓata ba.

Malama ta zuba min ido. Ba fuskata take kallo ba, gefen kaina take kallo. To, ni Allah ya yi min kunnuwa. Tun ina yaro ake cewa in iska ta taso a riƙe ni. Sai ta fara buɗe shafuka da sauri, ta ce, "Wa ya tafi da kai bayan yaye?"

Na ce, "Kakata. Kutama."

"Kutama yamma take da Garo?"

"Yamma."

Ta ajiye littafin ta ɗauko wayarta. Ta ce duk kaset ɗin nan an juye su, suna ciki. Ta ce kowa ya yi shiru.

Da farko gurzar dutse aka ji, gaba da baya. Sai muryar Yaya ta shigo, ƙasa-ƙasa, ba irin ta ranar daɓe ba:

"Ɗan maraƙina mai kunnen faifai,
ya bi hanyar yamma a bayan tsohuwa.
An goye shi ina tankaɗe, ban ɗaga kai ba.
Sawunsa na nan a bakin randa,
na kife da ƙwarya kar kaji su share.
Dutse, ci dawa ka yi shiru,
in an tambaye ka, ba ka ji ba."

Ta maimaita baitin ƙwaryar, muryar ta ɗan karye, dutsen bai tsaya ba. Can nesa a cikin kaset ɗin kuma, ta bayan katanga, ana jin wani ƙato yana ɗaga murya yana rantse wa masu rake cewa kura ta yi hijira. Kowa a shagon ya gane muryar. Babu wanda ya yi dariya.

Sai aka ji Malama, da muryarta ta ƙuruciya, tana tambaya, "Inna, ina yaron yake yanzu?" Gurzar dutse kawai ake ji. Sannan Yaya ta ce, "'Yar nan, zubo dawa."

Malama ta kashe wayar. Ta ce, "Da ta ƙi amsawa, na ga ta share ido da gefen zani, sai na ɗauka rasuwa ya yi. Haka na rubuta: waƙar uwa ga ɗanta da ya mutu yana ƙarami. Ita ce waƙar da aka fi yi min magana a kanta a duk littafin. Ashe kana zaure."

Ina zaure. Duk Asabar ɗin nan da ake korata waje, ashe ba don a rabu da ni ba ne. Ba za ta iya yi ina wajen ba, shi ke nan. Na sunkuya kan keken na daɗe ina zura zare a allurar da take da zare. Mai shayi ya dubi idanuna ya ce hayaƙin murhunsa ne ya shigo shagon, ya fita ya duba. Allah ya saka masa.

Malama ta ce in za a sake buga littafin za ta gyara duka biyun, ta sa ni a matsayina. Na yi tunani na ce ta bari. Matar nan ta riƙe abinta shekara da shekaru, dutse kaɗai ta gaya wa, shi ma ta ce ya yi shiru. Ba ni zan kai ta kasuwa ba. Na ce waƙar kawai za ta tura min a waya. Tana nan har yau. Littafin kuma yana saman kabad ɗin shago cikin leda, nakan sauko da shi in nuna wa baƙi bangon.

Amma ka san hali. Kafin shayin da aka kawo wa baƙi ya huce, na dawo daidai. Na miƙe na ɗaga littafin sama, na dubi taron na ce, "To, kun ji da kunnenku. Wa ya ce ƙarya nake? A farkon littafi ina nan, a tsakiyarsa ina nan, kuma waƙar da ta fi kowace tashe a jami'o'in duniya, a kaina aka yi ta. Sau biyu! A nuna min farfesan da ya shiga littafi ɗaya sau biyu."

Oga ya kurɓi shayinsa, ya ajiye kofin a hankali.

Ya ce, "Wannan kam ba sai ka rage ba, Tela, sau biyun ne. Na farko ɗan acaɓa, na biyu mamaci. Allah ya jiƙanka."